Ƙishirwar Katako

Tsohon ya zube guntayen katako a teburin kafintan, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Ƙusa. Taimake ni da ƙusa ɗaya."

Daga Japan ya zo. Shekara sittin yana gina gidaje ba ƙusa ba gam, sai dai ya sassaƙa katako har ya rungumi ɗan'uwansa. Guntayen nan na mariƙin Alƙur'ani ne, aikinsa na ƙarshe. Matarsa ya yi wa, ta rasu ba ta ga Ka'aba ba. Kwana tara kacal a zafin Makka, kowace gaɓa ta saki.

Kafintan, Bahaushen unguwar Rusaifa, ya jujjuya wata gaɓa a tafinsa. Bai taɓa ganin sassaƙa irin wannan ba. Sai ya tuna yadda mahaifinsa kan jiƙa ƙotar gatari idan ta yi sako-sako.

"Ya Hajji, ba na sayar da ƙusa yau," in ji shi, yana tura gwangwanin ƙusoshi ƙarƙashin tebur da ƙafa. "Aikinka bai lalace ba. Baƙo ne ya iso, ba wanda ya ba shi ruwa."

Ya harhaɗa guntayen, ya naɗe su da tsumman da ya jiƙa da Zamzam. Suka zauna shan shayi har La'asar.

Da aka kware tsumman, gaɓoɓin sun kama juna ram. Wani ƙamshi ya cika shagon, irin na dajin da ruwan sama ya daka. Tsohon ya lumshe ido, ya daɗe yana shaƙa.

"Ana ruwa a garinmu," ya ce a hankali. "Ga matata can tsaye a bakin ƙofa."