Shayi Ba Madara

Kofi biyu Abdulmumini ya ajiye wa Taibatu a zauren gidansu: shayi mai zafi da kanumfari, da mai ƙanƙara da na'ana'a. Wanda ta zaɓa za a ba baƙi ranar bikinsu.

Ta kurɓi wannan, ta kurɓi wancan, kanta a sunkuye.

"In zuba miki madara?" ya tambaya.

Ta ajiye kofin.

"Nonon da munka sha ya isa. Jiya Gwaggo ta zo daga Dosara, ta rantse cewa lokacin da innarka ta kwanta ciwo kana jariri, marigayiya innata ta shayar da kai."

Ya ƙura wa ƙanƙarar ido tana narkewa.

Taibatu ta miƙe. "Duka sun yi daɗi. Ka gaida gida, Yaya."