Katunan Cikin Gwangwani

A gidan ɗalibai na unguwar Abbasiya, can ƙasar Larabawa, ba a jefa takardar da ke da rubutun Larabci a shara. Akwai gwangwanin madara a bakin ƙofa, nan ake tarawa, ranar Juma'a a ƙone a saman bene.

Hussain, babban gidan, shi ya juye gwangwanin wannan makon. Sai ga katuna kusan ɗari, an ɗaure su da roba. Gaba baƙaƙen boko, baya fassarar Larabci: takobi, jirgin ruwa, giya, gunki, fushin alloli.

Ya tara ɗaliban su biyar a falo. Sharaɗin Alhajin da ya ɗauki nauyinsu kowa ya san shi: ilimin addini aka turo su nema, wanda ya kauce ya nemi wani gida da wani uban.

"Wannan wane yare ne?" in ji Hussain.

"Latin," in ji Lawali, ɗaya daga cikinsu, idonsa a ƙasa. "Da shi ake karanta dogayen waƙoƙin yaƙi na Rumawan da."

Kowa ya juya ga Muslim, abokin Lawali tun makarantar allo. Shi ne mai yawon tsofaffin littattafai a kasuwar Ataba, ga shegen kwashe-kwashe. Muslim ya ɗauki kati ɗaya, ya daɗe yana kallon bayansa.

"Nawa ne. Khalas, shi ke nan."

Hussain ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Kunya ta hana Lawali ɗaga kai, ko abincin rana bai iya ci ba. Wata uku kacal ya rage wa Muslim ya kammala, shi kuwa Lawali da sauran shekara biyu, ga mahaifinsa limamin gari.

Aka rubuta wa Alhaji. Ranar Litinin Muslim ya haɗa kayansa, zai raɓa wurin wasu 'yan Sudan a unguwar Ard al-Liwa. Lawali ya ɗaukar masa jaka har tashar bas, yana ta juya magana a baki, ta ƙi fita.

Da bas ta tsaya, Muslim ya zaro katunan daga aljihu, har da robarsu, ya danƙa masa.

"Ma'alish, ka yi haƙuri, ban bari an ƙone ba. Ka ƙarasa haddar kalmominka. Shekara shida muna jingina allo a bango ɗaya, ka zaci ba zan gane rubutunka ba?"