Telan da Ya Ɗinka wa Jitocinsa Riguna

Tunda ka ce kayan aikinka lafiyarsu ƙalau don kullum kana ganinsu a rataye, zauna in ba ka misalin wani tela na Funtuwa. Mutumin nan Allah ya jarabce shi da son jita. A samartakarsa shi ke kaɗawa, wani amininsa mai zaƙin murya yana rerawa, har sukan tara jama'a a bakin tasha. Da aminin ya koma Damagaram da zama sai kiɗa ya tsaya, amma son yana nan daram. Duk inda telan ya ji an sa jita a kasuwa, ko da gwanjo ce, sai ta kwana a ɗakinsa. A hankali ya tara guda shida ya jera a bango. Da yake tela ne, kowacce ya ɗinka mata riga da ragowar yadi, wannan shadda, waccan atamfa, babbar cikinsu har da aiki a wuya. Ranar Juma'a yakan tuɓe su ya goge har su yi ƙyalli, ya ja da baya yana murmushi. Amma ya ɗora ɗaya a cinya ya ji ko da sauran murya, wannan kam sai ɗinki ya ragu, ɗinki kuwa ba ya raguwa. 'Ya'yansa sun tashi suna jin labarin kiɗan babansu, kiɗan kansa ba su taɓa ji ba.

Ana nan, wata safiya sai ga wayar aminin. Zai wuce Kaduna, motarsu za ta yada zango a Funtuwa bayan azahar, ta tashi da la'asar. Ya ce, "Tsufa ya fara cin muryar, abokina. Ɗauko jitarka mu yi waƙarmu ta bakin tasha sau ɗaya, tun da sauranta." Murna ta hana telan zama. Ya bar wandon wani a bakin keke da ƙafa ɗaya, ya ja ƙofar shago, ya bi layi yana gaya wa duk wanda ya gani. Ya sa aka yanka zakara, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya tara 'ya'yansa ya ce yau za su ji da kunnensu. Sannan ya faɗa ɗaki, baki har kunne, ya shiga tuɓe riguna. Ta farko tsirkiyoyinta sun yi tsatsa, yana taɓa ɗaya ta tsinke ta yanke shi a yatsa. Ta biyu danshin damina ya lanƙwasa mata wuya. Ta uku zanzaro ya yi gini a cikinta, yana kaɗawa ƙasa tana zubowa. Biyu kuma 'yan kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya sun cije, ko da filaya sun ƙi motsi. Babbar nan mai aiki a wuya ce kaɗai jikinta lafiya, tsirkiyoyin ne suka mutu. Bai karaya ba ko kaɗan. Ya hau babur ya sheƙa kasuwa, ya sayo sababbi, ya ɗaura, ya daidaita. Da ya zuba mata yatsu ta amsa garau, tsigar jikinsa ta tashi, har ya taka 'yar rawa shi kaɗai a tsakar ɗaki. Ɗoki ya mantar da shi abin da ya sani tun yana saurayi: sabuwar tsirkiya ba ta zama a ranar da aka ɗaura ta, sai ta kwana biyu tana miƙewa ana ƙara jan ta.

Aminin ya iso, kai ya yi fari fat. Suka rungumi juna suna dariya, idanu na ƙwalla. Ko ruwa baƙon bai gama sha ba ya gyara murya. Telan ya ɗauki kiɗa, tsohon ya shigo daidai inda yakan shigo a da, kamar jiya suka rabu. Mata suna leƙe ta zaure, 'ya'yan telan suka saki baki suna kallon yatsun babansu. Baitin farko ya fita da daɗi. A na biyu tsirkiyoyin suka fara saki, murya ta yi gabas, jita ta yi yamma. Aka tsaya ya murɗa, aka koma farko. Ba su kai inda suka tsaya ba ta sake saki. Gumi ya jiƙa masa riga, yana murɗa wannan waccan tana kwancewa, zakara yana hucewa a kwano. Yana cikin murɗawar aka yi kiran la'asar, ana idarwa direban motarsu ya iso ƙofar gida ya danna oda. Aminin ya leƙa ɗakin ya dubi jerin da ke bango da rigunansu zube a gefe, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Rigunan dai sun yi kyau, malam tela." Ya shiga mota, waƙa tana rabi.

Bayan kwana biyu tsirkiyoyin suka zauna. Telan ya ɗauki jitar ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, ba ta saki ko sau ɗaya ba. Sai dai babu mai rerawa. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.