Gyaɗar da Baba Bai Miƙo Mani Ba

Wata la'asar a Maijirgi, ina yarinya, muna ɓarar gyaɗa ni da Baba. Bai daɗe da dawowa daga Arlit ba, inda ya yi shekaru yana haƙar uraniyom, ma'adinin da ake haɗa bam na nukiliya da shi. Sai muka ji a rediyo wai manyan ƙasashe sun yarda su rage bama-bamansu na nukiliya.

Baba ya yi tari, ya ce, "Dutsen da muka tono masu fa, wa zai maida shi rami?"

Ya ɗebo gyaɗa zai zuba mani a hannu. Sai ya tsaya yana kallon tafinshi da ya sha ƙurar uraniyom mai guba, ya watsar da ita bayan darni.

"Ɓare taki da kanki, ɗiyata."

Baba ya daɗe da rasuwa. Har yau in ana maganar bam, hannun nan nake gani yana janyewa.