Matattun Da Suka Ƙi Fita Daga Rajista

Tun da aka kafa dokar share mamaci daga na'urar rajistar birni bayan sadakar arba'in, na'urar ba ta taɓa yin nauyi ba sai bana. Ƙwaƙwalwarta na ta cika, har katin asibiti ya daina fita. Aka ɗora wa Barira, injiniyar da ke kula da ita, nauyin nemo abin da ke cika ta.

Kwana tara tana bin jerin sunaye layi-layi kafin ta gano. Duk jaririn da aka raɗa wa sunan kakansa da ya rasu, malaman rajista na unguwa sukan ɗaure sunansa da na marigayin. Ita kuwa na'urar ba ta sakin gurbin da wani ke riƙe da shi. Matattu dubu ɗari huɗu na zaune a ciki, jikoki sun riƙe su gam.

Shugabanta, Alhaji Tanimu, ya leƙa allon ya ce, "To, ki yanke igiyar mana. Aikin minti biyar ne."

"Na minti biyu ne, ranka ya daɗe. Amma ba zan yi ba."

"Doka ce fa, Barira. Kina wasa da aikinki."

Ta juyo masa allon. Ga sunan mahaifiyarta nan, 'yar da Barira ta haifa na riƙe da shi. Ta gangara ƙasa kaɗan, ta tsaya kan sunan Malam Ɗanjuma, mahaifin Alhaji, wanda jikoki uku ke riƙe da shi.

"A sayo ƙarin ƙwaƙwalwa," in ji ta, ta tashi ta ba shi kujerar. "In kuma sai an yanke, bismillah. Ka fara da wannan."