Rumfar Kafinta Da Ba Ta Da Shugaba

Tunda ka ce shugabanci ne ke kashe zumunci, bari in ba ka misali. An yi wani kafinta da ya shekara ashirin a kan bencin majami'a, bakin mutum ɗaya ke magana, sauran jama'a sai amin. Da abin ya ishe shi, sai ya share rumfar aikinsa, ya jera katakai, ya kira 'yan'uwa sujada ran Lahadi da yamma. Ya ce a nan ba shugaba sai Almasihu, mai waƙa ya tayar, mai aya ya karanta, mai damuwa ya faɗa a yi masa addu'a. Da fari abin gwanin daɗi. Sannu a hankali mutum uku masu kaifin baki suka cinye lokacin, in wannan ya sauke wancan ya ɗauka. Kafinta ya lura, amma ya yi shiru, don kada a ce ya naɗa kansa fasto.

Cikinsu akwai wata mai tuyar ƙosai da mijinta ke kwance ba lafiya. Lahadi uku tana zuwa neman addu'a, duk sanda ta gyara zama za ta yi magana sai wani ya tayar da waƙa. Ta huɗu ba a gan ta ba, kowa kuma ya ɗauka wani ya leƙa ta. Sai bayan maƙwabta sun binne mijin labari ya iso rumfa. Kafinta ya je ta'aziyya kansa a sunkuye. Ba ta yi masa faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Ɗan'uwa, ka raba wa kowa baki, amma ba ka ba kowa aikin saurare ba.” Maganar ta tsaya masa a rai. Da suka sake taruwa ya faɗi laifinsa a gaban kowa, suka zaɓi wani tsohon manomi marar yawan magana. Ba wa'azi aka ɗora masa ba. Nasa shi ne ya ce wa mai dogon zance ya isa, ya tambayi wanda ya yi shiru, ya kuma ambaci sunan wanda zai je duba wanda ba a gani ba. Biyu daga masu bakin suka yi fushi suka tafi. Matar kuwa sai da damina ta wuce ta dawo, kuma ran nan ita aka fara saurara.

Dubi abin da kake shara da shi: ba igiyar da ta ɗaure shi ke yin sharar ba, amma in ka kwance ta sai tsinkaye a ƙasa. Shi ya sa Hausawa suka ce, tsintsiya maɗaurinki ɗaya.