Ɗakin Bagaruwa

Ka ce mini, Ishaku, a makarantarku ta koyon kasuwanci an karanta muku yadda wani kamfani ya tare wa abokin hamayyarsa hanyar kayan aiki har ya durƙusa, malaminku kuma ya kira abin dabara. Ban musa masa ba. Sai dai ga misalin majema biyu, ka ajiye shi kusa da nasa.

A bayan wani gari, bakin kududdufi, akwai majema biyu, masu sana'ar jimar fata, katanga ɗaya ce ta raba ramukan jimarsu. Tare suka tashi, amma jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Fata kuwa ba ta jemuwa sai da bagaruwa, ita ce ke ratsa ta ta hana ta ruɓa. Matan ƙauye ke tsinto ’ya’yanta a daji, wani mai jakuna ya bi ya tattaro, ya kawo gari su biyun su raba. Mutum ɗaya ba ya cinye lodin; don su biyu ne tafiyar take biyan mai jakuna wahalarsa. Wata shekara babban cikinsu ya tari mai jakunan tun a hanya, ya saye lodin dukansa. Ya maimaita a zuwa na gaba, da na bayansa, har ya cika ɗaki ya danna kwaɗo. Maƙwabcin ya yi yawon nema bai samu ko mudu ba. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya tattara wuƙaƙensa da iyalinsa ya koma wani gari can gaba. Da mai jakuna ya sake zuwa, sai majemin ya nuna masa ɗakin, ya ce bana ba ya bukata. Bawan Allah ya tsaya da jakunansa a rana, babu mai saye na biyu. Tun daga ranar ya canja hanya.

Bayan Babbar Sallah fatu suka yi yawa. Dukawan garin, masu ɗinkin kayan fata, suka kawo wa majemin nasu, tunda shi kaɗai ya rage. Ya jiƙa su a toka, ya kankare gashi, sannan ya je ya buɗe ɗaki. Ashe rufin ya yi yoyo da damina. Bagaruwa ta yi fumfuna ta dunƙule, ko an daka ta ba ta da sauran ƙarfi. Warin majema ya fara canjawa, canjin da majemi kaɗai ke ganewa. Ya aika ƙauyuka, aka ce ai an riga an kwashe an kai garin can gaba. Dole ya tafi da ƙafarsa. Ya tsaya a ƙofar mutumin da ya kora, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ba. Mai gida ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi abin da ya kawo shi ba. Ya tashi ya cika buhu da bagaruwa, ya taya shi ɗauka. “Yaya, yi sauri, fatar da aka cire wa gashi ba ta jira,” in ji shi. “In ta ƙare ka dawo. Ɗakina ba shi da kwaɗo.”

Ya ceci kaɗan daga fatun, sauran ya binne su da hannunsa. Dukawa ba su zage shi ba, sai dai a hankali suka koyi hanyar garin can gaba. Majemin ya daɗe a duniya bayan haka. Tsohon ramin maƙwabcinsa yana nan ya cika da shara da ciyawa, kuma har ya koma ga Allah, in zai shiga majemarsa sai ya kewaya ta baya, don kada idonsa ya faɗa a kansa.

Wannan ɓangaren ne ban sani ba ko an rubuta muku a littafi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.